Bel ɗin ɗaure haƙarƙari: daɗinsa na rabin yini ne

Masu tambayata ko bel ɗin nan na roba da ake sayarwa a kemis yana maganin buguwar haƙarƙari, amsata ita ce: yana rage zafi, amma ba zan ce wa kowa ya saya ba.

Ni bakaniken babura ne a wajen Ƙofar Ƙaura, a Katsina. Babur ne ya zame daga kan jak, kansa ya dake ni a awazar dama. Ƙanena ya sayo mini bel ɗin da yamma, fari ne mai faɗi kamar tafin hannu biyu, da abin mannawa a baki. Ta fuskar ɗinki ba ni da ƙorafi. Robar tana da ƙarfi, mannin bai saki ba duk da baƙin mai da ƙurar gareji. Da na ɗaura, sai na ji na iya sunkuyawa in kwance noti ba tare da na cije leɓe ba. Har kiki na buga.

Matsalar tana wajen numfashi. Bel ɗin yana rage zafi ne saboda ya hana ƙirji buɗewa, to kuma ƙirjin da bai buɗe ba, huhu ba ya cika. Kafin la'asar sai in ji ina shaƙar iska guntu-guntu, ga zufa ta jiƙe ƙarƙashinsa a zafin Katsina, fata tana ƙaiƙayi. Wani maƙwabcina ma'aikacin jinya da ya kawo babur ɗinsa gyara ya hango shi ta ƙasan riga, ya ce, "Oga, cire abin nan. Mu a asibiti an daina ɗaure ƙirji tuni." Bayaninsa shi ne majina tana taruwa a ƙasan huhu in mutum ba ya jan numfashi sosai, daga nan sai nimoniya. Haƙarƙari kuwa, ko buguwa ce ko tsagewa, da kansa yake warkewa cikin mako 3 zuwa 6, bel ba ya ƙara masa sauri.

Abin da ya riƙe ni a wurin aiki bai kai rabin kuɗin bel ɗin ba. Farasitamol ƙwaya biyu, wato giram 1, ba a wuce sau 4 a yini, kuma a kan lokaci, ba sai zafi ya taso ba. Ƙanƙarar masu sayar da ruwan leda a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, a kwanakin farko. Kowace awa in ajiye sifana in ja dogon numfashi sau 10 a hankali. Da zafi, ba ƙarya, amma shi ne aikin. In tari ko atishawa ta zo, sai in rungume matashi a wurin. A gareji rigar sanyi nake dunƙulewa. Da dare na jingina da matasai maimakon kwanciya flat a katifa. Ibuprofen yana taimaka wa wasu, ni dai mai olsa ne, ban kusance shi ba. Wanda kuma ya ce maka ga tiramol ka sha ka yi aiki kamar doki, ba masoyinka ba ne.

Ɗaga inji da tura babur na bar wa yaran shago, ni na koma kan kabureta da wayarin ina zaune a benci. Sujada ta fi komai wuya, don haka na ɗan yi salla a zaune.

Akwai inda ba bel, ba kemis, ba mai ɗori: in numfashi yana sarƙewa, ko jini a tari, ko zazzaɓi da majina mai launi, ko ciwo ya sauka ciki ko ya hau kafaɗa. Hanta tana ƙarƙashin awazar dama, saifa tana ta hagu, duka mai ƙarfi yana iya taɓa su. Wannan sai Asibitin Janar ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, a ranar.

Bel ɗin na ba shi biyu cikin biyar, su ma don ingancin ɗinki ne.