Kyamarar aljihu mai jure ruwa a daminar Adamawa

Duk mai sha'awar ɗaukar hoton duwatsu da tafkuna a ƙasar Adamawa ya san cewa lokacin da ƙasar ta fi kyau shi ne kuma lokacin da kyamara ta fi shiga haɗari. Damina a Ngaundare, babban birnin yankin Adamawa na ƙasar Kamaru, takan fara wajen watan Afrilu ta kai har Oktoba, kuma a wannan gari da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,100 ana iya wayar gari da rana fes, kafin la'asar hadari ya haɗo ta gabas. Dalilin da ya sa ke nan na sayi ƙaramar kyamarar aljihu wadda masu ƙera ta suka ce tana jure nutsewa cikin ruwa har mita 15, na kuma gwada ta a watan Agusta, tsakiyar marka, lokacin da ni da ƙanena muka kafa tanti kusa da tafkin Tison, daga baya muka wuce matsirgar ruwa ta Tello.

Babban alherinta shi ne ba a ɓoye ta. Mai babbar kyamara da ya ji yayyafi sai ya cusa ta cikin jaka ya nemi mafaka, alhali 'yan mintocin da ke gaban saukar ruwa da waɗanda ke bayan ɗaukewarsa su ne suka fi kowane lokaci haske mai kyau. Tafkin Tison yana cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta ne, itatuwa sun kewaye shi, kuma idan baƙin gajimare ya rufe rabin sama rana ta leƙo ta ƙarƙashinsa, ciyawar gangaren takan yi wani irin kore shar wanda ba ya wuce minti biyar. Na tsaya cikin ruwan na ɗauki wannan, na ɗauki shanun wani Bafulatani suna gangarawa cikin hazo, ba tare da zuciyata ta rabu biyu a kan lafiyar kyamarar ba. A Tello ma, inda ake iya zagayawa bayan ruwan da ke zubowa a shiga kogon da ke ƙarƙashin dutsen, feshin ruwa ya jiƙa mu sharkaf, ita kuwa ta ci gaba da aiki.

Sai dai jure ruwa daban, fitar da hoto mai tsabta cikin ruwa daban. Ɗigo ɗaya a kan gilashin gaba ya isa ya dusashe kusurwar hoto, kuma a ƙaramin allon bayanta ba a cika lura da shi ba sai an buɗe hoton a kwamfuta. Wannan nau'i ba shi da rumfar da ke kare gilashi, saboda haka dole a riƙa goge shi da busasshen ƙyalle kafin kowane hoto, a kuma juya wa iska baya. Ƙanena ya riƙa kare gilashin da malfarsa, kuma dabarar ta yi amfani ƙwarai.

Inda ta gaza a gaskiya shi ne ƙarancin haske. Na'urar da ke karɓar haske a cikinta faɗinta bai wuce milimita shida da 'yan kai ba, alhali ta matsakaiciyar kyamara mai canjin gilashi ta haura milimita 22. Da hantsi ba a ganin bambancin sosai, amma da asuba da kuma bayan faɗuwar rana ganyayen nesa sukan cakuɗe su zama kamar an shafa su da yatsa, sararin sama kuma ya cika da ƙura-ƙura. Ɗora ta a kan sanda mai ƙafa uku da rage ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar hasken kyamara, zuwa 100 ya gyara wani abu, ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya ba ni damar dawo da hasken gajimare, duk da haka hotunan asuba ba su kai a buga su da girma a rataya a bango ba. Wannan ya dame ni, domin asubar Adamawa bayan ruwan dare ita ce abin da na fi ƙwallafa rai a kai.

Batir ya kai yini idan aka kashe GPS, kuma ana cajinsa da batirin ajiya irin na waya, abin da ya dace da kwanan daji. Sharaɗin shi ne kada a buɗe murfin batir ko na caji sai an shiga tanti an goge jikinta ya bushe.

A ganina ta cancanci kuɗinta ga wanda ke yawo da ƙafa ko da babur cikin damina, yana kuma son hotunan da za a kalla a waya ko a buga su daidai girman shafin littafi. Wanda burinsa hoton asuba da na taurari ne, gara ya tara sefarsa ya sayi babbar kyamara da rigar ruwanta. Mai niyyar sayen ta hannu kuwa ya buɗe murafen ya duba robar da ke toshe bakinsu da kyau, domin idan ta tsage ko yashi ya maƙale a cikinta, ruwa zai shiga tun a mamakon farko.