Hattara da masu tallan kayan ɗaga jif a Facebook

Jama'ar Kaduna, musamman masu Prado, Hilux da Land Cruiser, a yi hattara. Akwai wasu da suka ɓullo da hanyar cin kuɗin mutane da sunan ƙara wa mota tsayi. Talla suke sakawa a Facebook da zaurukan WhatsApp na saye da sayar da motoci, wai suna da cikakken saitin kayan ɗaga mota, sabo fil daga Ostareliya, za a ɗaga maka jif inci 2 ko 3, har da kuɗin aiki, a farashin da bai kai rabin na gaskiya ba. Hotunan gwanin sha'awa: shokozoba masu launin rawaya a jere, sifirin baƙi wul yana ƙyalli, ga Prado a tsaye kamar za ta haye dutse. Sai dai hotunan ba nasu ba ne, daga shafukan kamfanonin waje suke kwaso su.

Sun san inda suke jefa ƙugiyarsu. Duk wanda yake da gona ta wajen Kachia, Giwa ko Saminaka ya san yadda hanya take komawa idan damina ta kankama a watan Agusta. Ko a cikin gari ma, mai zama a sababbin unguwanni irin su Danbushiya ko can cikin Rigasa ya san sau nawa cikin motarsa yake gugar ƙasa kafin ya hau kwalta. Saboda haka buƙatar ta gaskiya ce, kuma aikin ɗaga mota ba haramun ba ne. Ɓarnar tana wajen wanda aka ba kuɗin.

Masu wannan damfarar kala biyu ne. Na farko ba ya ma wahalar da kansa. Zai ce kayan suna Legas ko suna kan hanya daga Kwatano, a tura kafin alƙalami don a saka su a mota. Kana turawa zai aiko maka da hoton kwali da lambar wani direba. Gobe direban ya ce mota ta lalace a Lokoja, jibi a ce jami'an kwastan sun riƙe kaya sai an ƙara wani abu. Daga nan waya ta daina shiga. Wannan tsohuwar damfara ce aka sauya mata riga, ba sai na daɗe a kanta ba.

Na biyun ne ya fi ba ni tsoro, domin shi yana kawo kaya, yana ɗaurawa, ka biya ka yi godiya, ka hau titin Abuja da iyalinka.

Wani maƙwabcina mai Prado ƙirar 120 ya faɗa hannun irin wannan. Sun daidaita a kan naira dubu 450, ya tura fiye da rabi tun kafin ya ga komai. Mutumin ya ce ba shi da gareji a nan, yaransa za su zo har gida su yi aikin, wai don kada a wahalar da Alhaji. Haka aka yi. Yara biyu suka zo da jak da akwatin sifana, kafin la'asar sun gama. Mota ta tashi kuwa, kowa ya gani ya yaba. Ba a jima ba ta fara ja gefe guda, tayoyin gaba suna cinyewa ta baki ɗaya, idan aka karya sitiyari sai a ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙasa. A kan tudun rage gudu kuma gaban motar sai ya yi ta lilo kafin ya tsaya. Da ya kira mai kayan, sai ya ce masa: "Ranka ya daɗe, ai sabon kaya ne, sai ya zauna tukuna. Ka ƙara masa mako biyu." Kafin mako biyun su cika an goge shafin.

Ina wajen lokacin da bakanikensa na asali, wani dattijo da ya daɗe yana aikin Toyota, ya kwance ƙafar gaba. Ya ciro shokozoba ɗaya, ya kafa shi a ƙasa ya danna da hannu. Ya shige ba gardama, ya kuma zauna a nan bai dawo ba. Ya sa farce ya kankare jikinsa, fentin rawaya ya ɓare, baƙin fenti da tsatsa suka bayyana a ƙasa. Har kan robar bushin fentin ya taɓa, alamar feshi aka yi a gurguje. Ramin da ƙusa ke shiga ya riga ya cinye saboda tsufa. A saman kuma, tsakanin shokozoba da jikin mota, an cusa wani kaurin ƙarfe da aka yanka a injin tana, ramukansa ma ba su daidaita ba, noti ɗaya bai kama zare sosai ba. Dattijon ya ɗago kai ya ce: "Alhaji, sifirin ɗin nan naka ne na da, wanke shi kawai suka yi. Shokozobanka masu lafiya kuma sun tafi da su."

Wato an karɓi kuɗinsa, an kwashe kayansa masu kyau, an bar masa matattu da fenti.

Abin da yake ba waɗannan mutane dama shi ne yawancinmu ba mu san me ake nufi da cikakken saiti ba. Mun dai ji an ce za a ɗaga mota. To ga yadda abin yake.

Hanya mafi arha ita ce ta cusa abin tazara a saman shokozoba ko sifirin, wanda kanikawa ke kira sifesa. Wannan ba damfara ba ce in dai an gaya maka shi za a saka, kuma na kamfani ne da aka ƙera don motarka. Amma ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya, ba ya gyara mataccen shokozoba. Kuma a gaban Prado da Hilux, saboda yadda hannun ƙafar yake aiki, sifesa mai kaurin inci 1 yakan ɗaga motar kusan inci 2. Wanda bai san wannan ba sai ya yanko mai kauri, mota ta wuce ƙa'ida, komai na ƙasa ya miƙe har ƙarshensa.

Saiti na gaskiya kuwa ya ƙunshi shokozoba huɗu masu tsayin da ya dace, da sababbin sifirin. A Prado gaba da baya duk sifirin mai murɗi ne. A Hilux ta zamani gaba mai murɗi ne, baya kuma na falle-falle irin na manyan motoci, don haka saitinta yana zuwa da bushin da ƙusoshin da ke ɗaure shi a jikin akasil. Daga nan kaɗai za ka gane wanda ya ce maka saiti ɗaya yana shiga kowace jif maƙaryaci ne. Lexus GX470 ma balan-balan ɗin iska ne a bayanta. LX570 da man haidirolik take ɗaga kanta. Wasu Prado ƙirar 150 suna da tsarin KDSS mai rage tangaɗin mota a kwana, wanda ba kowane bakanike ne ya iya taɓa shi ba. Su kuma irin su Highlander, RAV4 da CR-V ba su da shasi daban da jiki, don haka duk wanda ya ce zai ɗaga jikinsu daga kan shasi, ka san bai taɓa leƙa ƙarƙashinsu ba.

Inci 2, wato kimanin milimita 50, shi ne iyakar da mafi yawan kamfanoni suke tsayawa ga waɗannan motoci ba tare da an sauya wasu abubuwa ba. Da zarar an wuce nan, lissafi ya canza. Ana bukatar sabon hannun sama na ƙafar gaba don alaimen ya samu. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba yana karkacewa fiye da kima, robarsa ta yage, giris ya zube, sai ƙarar nan da maƙwabcina ya riƙa ji. Boljoyin yana wahala. Tiyon birki yana iya ɗamewa idan taya ta faɗa rami, kuma ba sai na gaya maka abin da tsinkewarsa take nufi ba. A bayan Prado kuma akasil yakan gusa gefe guda sai an gyara sandar da ke riƙe shi a tsakiya. Bayan an gama duka dole a je alaimen, a kuma saita fitilun gaba don kada ka riƙa kashe wa masu tahowa ido. Yaran da suka zo gida da jak ɗaya, a ina za su yi wannan?

Akwai kuma gaskiyar da masu talla ba sa faɗa, har da wasu masu kayan kirki. Ɗaga mota ba ya ɗaga kumburin nan na tsakiyar akasil ɗin baya, wanda shi ne ya fi kusa da ƙasa. Taya mai girma ce kaɗai take ɗaga shi. Taya mai girma kuma wani kuɗin ne, tana ƙara shan mai, tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da abin da kake yi. Sannan mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana. Ni a ganina, wanda matsalarsa kawai ita ce motar ta zauna saboda tsufa, ya sauya shokozoba da sifirin daidai da na kamfani, irin su KYB, sau da yawa wannan ya wadatar.

Mu zo kan kuɗi. Sunayen da suke fakewa da su sanannu ne: Old Man Emu na kamfanin ARB, da Ironman 4x4, da Dobinsons, duk na Ostareliya, sai Bilstein na Jamus. Cikakken saitin Old Man Emu na Prado ko Hilux, a can inda ake sayar da shi, ya haura dala 1,000. A 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma har yau ba ta dawo inda muka san ta a da ba. Ka buga lissafin da kanka: an wuce miliyan ɗaya tun ba a yi maganar jirgi, kwastan, ribar ɗan kasuwa da ladan bakanike ba. To wanda ya ce zai ba ka duka a dubu 400 da ɗoriya, a ina ya samo? Arha dai ba ta ado.

In har ka ƙudura za ka yi aikin, kada ka tura ko sisi kafin kayan su zo gabanka. Ka tafi da bakanikenka, wanda ka sani ka san garejinsa. Garin da Peugeot ta fara haɗa motoci a Kakuri tun 1975, ga kasuwar Panteka cike da masu sana'a, ba a rasa wanda zai duba maka ƙarfe ba. A buɗe kwali a gabanka. Kayan kamfani yawanci suna da lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ba sitika kaɗai ba. Ka saka lambar a intanet ka ga ko ta motarka ce. Ka duba sandar shokozoba, dole ta zama sumul tana ƙyalli, ba tabo ba danshin mai. Ka shinshina, sabon fenti ba ya ɓuya. Ka nemi rasit da aka rubuta kowane abu da farashinsa, ba a dunƙule ba. Kuma tun kafin a ɗaure ƙusa ta farko ka ce tsofaffin kayanka a saka maka su a but.

Ka lura da asusun da aka ba ka. Idan sunan shagon daban, sunan da ya fito a banki daban, aka ce maka na ƙanina ne ko na yarona ne, tsaya nan. Idan ya ce yana da rajistar kamfani, shafin hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista a buɗe yake, ka bincika sunan. Haka in ya fara matsa maka da cewa saura saiti ɗaya, wani Alhaji daga Zariya yana hanya zai ɗauka. Ka ce masa Allah ya sanya alheri, a ba Alhajin.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru, don da shirun suke samun na gaba. Ka garzaya bankinka a ranar, ka shigar da ƙorafi a rubuce, saboda ana iya riƙe kuɗi ne kawai idan ba a riga an kwashe su ba. Ka ɗauki hoton tallar, da hirarku, da shaidar tura kuɗi, da lambar asusun, tun kafin a goge shafin. Ka kai rahoto ga 'yan sanda, kuma EFCC tana da ofis a nan Kaduna. Idan an riga an ɗaura maka kayan, kada ka hau babbar hanya da motar sai an kwance an duba tiyon birki, boljoyin da notin saman shokozoba. Kayan da aka cire kuma a adana su yadda suke, da fentinsu da komai, don su ne shaidarka.