Sharhi kan gllamm: idan asibitoci suka ƙi bin siffar ƙararrawa

Duk mai aiki da melogit, umarnin manhajar ƙididdiga ta Stata da ke nazarin sakamakon 0 ko 1 a bayanan da ke rukuni-rukuni, ya san sharaɗinsa guda: tasirin kowane rukuni, asibiti ne ko makaranta, dole ya bi rarrabuwar Gauss mai siffar ƙararrawa. To, idan asibiti 40 ne a bayananka, 35 sun yi kama da juna, biyar kuma sun ware can gefe fa? A nan gllamm, manhajar da Sophia Rabe-Hesketh da abokan aikinta suka rubuta, ta yi mini rana.

Ana saukar da ita da ssc install gllamm. A fara da tsarin Gauss don samun ma'auni: i(asibiti) link(logit) family(binom) nip(12) adapt. Daga nan a cire adapt, a sa ip(f) nip(2), wato a maye siffar ƙararrawa da ɗigo biyu masu 'yancin zama ko'ina. Yanzu ba a tilasta wa bayanai wata siffa ba. Manhajar za ta nemo ɗigo biyu, wato ƙimomin da tasirin asibiti zai iya ɗauka, da nauyin kowannensu, wato kason asibitocin da ke wurin.

Ƙara ɗigo shi ne inda ake tuntuɓe. Kada a rubuta nip(5) kai tsaye, domin lissafin kan maƙale a ƙaramin tudu ya ɗauka ya kai ƙololuwa. A adana e(b), e(ll) da e(k), wato sakamakon lissafin da ya gabata, a miƙa su ta from() da lf0(), sannan gateaux(-5 5 30) ya lalubi wurare 30 tsakanin -5 da 5 ko akwai inda sabon ɗigo zai ƙara dacewa. Ɗaya bayan ɗaya, har ya rasa. Sau da yawa uku zuwa biyar sun wadatar. Gwajin chi-square da aka saba ba ya aiki wajen zaɓen yawan ɗigo, saboda nauyin sifiri yana bakin iyaka ne. BIC, ma'aunin da ke auna dacewa tare da hukunta yawan alƙaluma, ya fi zama abin dogaro.

Abin lura: asibitin da duk sakamakonsa 0 ne, ko duk 1, yakan ja ɗigo guda ya yi ta gudu zuwa -20 ko fiye, kuskuren kiyasinsa ya kumbura. Ba lalacewa ba ce, bayanan ne ba su da abin tsayar da shi.

Me ke canzawa? Alƙaluman shekaru ko jinsin majiyyaci da ƙyar suke motsi. Wanda ke motsi shi ne hasashen kowane asibiti daga gllapred, umarnin hasashe na gllamm, domin Gauss yakan janyo na gefe zuwa tsakiya fiye da kima. Mai son jera asibitoci bisa ƙwazo, wannan ya shafe shi ƙwarai.

Aibin gllamm shi ne rashin sauri. Abin da melogit ke gamawa cikin daƙiƙu, ita sai ta ci mintuna, idan matakai uku ne (rukuni cikin wani rukuni) har sa'o'i. A dunƙule layuka masu kama da juna da weight(), ana samun sauƙi sosai. Wanda kuma wutsiya mai kauri kawai ke damunsa, ba rabuwar gida biyu ba, gr(asibiti, dist = "student") na manhajar brms, a harshen ƙididdiga na R, ya fi dacewa da shi.