Kafin kamfani ya sayi manhajar jadawalin aiki: ina za a ajiye shiri na biyu?

Kamfanin da ke gina hanya ko asibiti a Sakkwato ba ya tafiya da jadawali ɗaya. Akwai wanda aka sa wa hannu tare da mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar. Akwai na idan kuɗin somin aiki sun fito kafin ruwan Yuni, da na idan sai bayan Satumba. Wani lokaci ma akwai na mayar da zuba kankare dare saboda zafin Afrilu. Kowace babbar manhaja tana iya yin kwafi. Abin dubawa kafin a biya kuɗi shi ne yadda shirin gwaji zai koma cikin jadawalin da ake aiki da shi ba tare da ya ɓata shi ba.

A bambance abu biyu tukuna. Jadawalin ma'auni daskararre ne, da shi ake auna jinkiri, ba a taɓa shi. Kwafin gwaji kuwa don a yi ta juya shi aka yi shi. Mai talla kan haɗa su a baki ɗaya.

Microsoft Project na kan kwamfuta yana riƙe ma'auni 11 a fayil guda, da shirin wucin gadi 10 waɗanda ranar farawa da ta gamawa kawai suke ajiyewa, babu kuɗi, babu ma'aikata. Gwaji na gaske sai an adana fayil da wani suna, sannan a gwada biyun da Compare Projects, wato sashen manhajar da ke kwatanta fayil biyu. Zai nuna bambancin, amma mayar da gyaran aikin hannu ne. Daga nan ake samun fayil biyar a ofis, kowanne da suna "na ƙarshe". Ga aiki ɗaya ko biyu da mai tsara jadawali guda, ya wadatar, kuma ba ya jiran intanet. Wanda ake yi wa tallar Project Online, wato sigarsa ta intanet, ya sani cewa Microsoft ya sa ranar 30 ga Satumba 2026 don rufe shi.

Primavera P6 na Oracle ya fi zurfi a nan, kuma shi za mu zaɓa wa mai kwangila da yawa a lokaci guda. Yana da abin da yake kira Reflection: kwafi ne mai igiya da jadawalin asali. A yi gyara a cikinsa, a duba jerin canje-canjen, a zaɓi wanda za a karɓa, a haɗe. Kafin haɗewar yana ba da damar ajiye asalin a matsayin ma'auni, kada a tsallake wannan. Tarkonsa biyu ne. Aikin da aka goge a kwafin ba ya gogewa a asali bayan haɗewa, sai an bi shi da hannu, in ba haka ba tsohon aiki da sabo su zauna tare, ranar gamawa ta yi ƙarya. Na biyu, kwafin yana zuwa da matsayin What-If, wato alamar cewa na gwaji ne kawai, a bar shi haka. In wani ya mayar da shi aiki mai rai, gireda ɗaya da injiniya ɗaya za su fito sau biyu a lissafin kayan aiki, a zaci ana da ƙaranci. Kuma kada kwafi ya daɗe: mako uku ana shigar da ci gaban aiki a asali, ga kwafi na zaune, haɗewa na iya dawo da tsofaffin ranaku.

SAP PS, sashen kula da ayyuka na manhajar SAP, na kamfanin da lissafin kuɗinsa da sitonsa ke kan SAP tun farko ne. Ana kwashe aikin zuwa sigar gwaji da lambar umarni CJV4, a ga abin da sauyin zai ci a kuɗi, a dawo da shi da wannan lambar dai. Sayen sa don jadawali kaɗai ɓarnar kuɗi ce.

Ranar da mai talla ya zo, a ba shi jadawalin kamfanin na gaske, ba nasa na nuni ba. A ce ya ɗaga isowar siminti daga Kalambaina da kwana 21 a kwafi, ya goge aiki ɗaya, ya haɗe, sannan ya nuna wanda ya yi canjin, da lokacin da aka yi shi, da yadda za a koma jadawalin jiya. A kuma tambayi mai aiki irin fayil ɗin da yake karɓa, XER na Primavera ko MPP na Microsoft Project, domin juya ɗaya zuwa ɗayan kan taɓa kalandar ranakun aiki, har hutun Sallah da aka cire ya dawo ranar aiki.