AMD, Nvidia ko Intel: wane katin hoto ne zai zauna lafiya da Linux?

Ƙanina da ke karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi katin hoto, wato na'urar da ke zana hotuna a allon kwamfuta, don buga wasanni a kwamfutarsa mai Linux Mint. Ya ce, "Yaya, wanne ya fi ƙarfi?" Na ce masa ya fara tambayar wanne ne direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da katin, ba zai ba shi ciwon kai ba, domin a Linux nan ne gizo ke saƙa.

AMD ne na fi natsuwa da shi. Direbansa, amdgpu, yana cikin kanel, wato zuciyar Linux, tun asali, sauran aikin kuma tarin manhajojin hoto mai suna Mesa ke yi. Ka soka kati, ka kunna, shi ke nan. Ga kuma wata riba: Steam Deck, na'urar wasa ta hannu mai Linux da kamfanin Valve ya fitar a 2022, da AMD yake aiki, shi ya sa Valve ke biyan masu gyara wannan direba. Proton, wanda ya fito a 2018 yake sa wasannin Windows su tashi a Linux, yana mayar da umarnin hoto na Windows, wato DirectX, zuwa Vulkan da Linux ke ganewa, kuma a nan AMD ya zauna daram. In aljihu ya kai, RX 6600 mai 8GB nake ba da shawara, wat 132 kacal yake ja. RX 580 na 2017 ya fi araha, ya cika hannun masu sayar da na hannu, amma yana shan wat 185, kuma da yawansu an gajiyar da su wajen haƙar kirifto. Mai dogaro da inbata ko ƙaramin janareta ya san bambancin wat hamsin ba wasa ba ne, balle a zafin Afrilu na Bauchi.

Nvidia na da ƙarfi, ba musu, sai dai direbansa daban ake saka shi, kuma duk sanda aka sabunta kanel sai an sake gina shi. In ginin ya ƙi, ko Secure Boot, tsaron da ke tantance manhaja lokacin kunna kwamfuta, ya hana shi tashi, baƙin allo za ka tarar. Ana gyarawa, amma aiki ne. Inda nake jan kunne shi ne tsofaffin katuna irin GTX 1060: jerin direba na 580 ne na ƙarshe da ke ɗauke da su, buɗaɗɗen direban Nouveau kuma ba ya iya ɗaga saurinsu. In dole sai Nvidia, fara daga GTX 1650 zuwa sama. Galibin GTX 1650 wat 75 ne, ba ya neman ƙarin wayar wuta.

Intel Arc kuwa, irin B580 mai 12GB, yana son sabon kanel da allon uwa (motherboard) mai Resizable BAR, saitin da ke ba kwamfuta damar isa ga duk ma'adanar katin lokaci guda. Mai tsohuwar kwamfuta ya wuce kawai.

Kafin ka miƙa kuɗi, ko a kasuwar Wunti ta Bauchi ne ko ta hannun mai kawowa daga Kano, tafi da filash mai Linux a aljihu. A soka katin a gabanka. Haska tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya katin da fitilar waya, domin ƙurar hunturu kan dunƙule a ciki kamar auduga. Juya fanka da yatsa ka ji ko tana gurnani. In da hali a bar wasa ya yi minti ashirin, manhajar MangoHud na nuna maka zafin katin a gefen allo.

Sannan ka duba ProtonDB, shafin da ke nuna wasannin da ke tashi a Linux, da sunan wasan da kake so. Ƙanin nawa ƙwallo ce a ransa, sai na faɗa masa gaskiya: EA Sports FC, Fortnite da Valorant ba sa tashi a Linux saboda manhajarsu ta hana maguɗi, ko wane kati ka saka. Ya yi shiru, sannan ya ce zai bar wa Windows wani ɓangare na faifan, kuɗin kuma RX 6600 zai saya da su.