Ejan ɗin da ya saya mana tikitin Dubai lokacin da aka rufe biza: tauraro uku na ba shi

Wani ɗan ofishin tafiye-tafiye ne a Kano, ba zan kama suna ba, ƴan Kwari da yawa wajensu suke yankar tikiti. A Oktoban 2022 muka biya kuɗin zuwa Dubai ni da yayana za mu saro abaya da turare a Deira, tikiti ya fito ana jiran biza, sai kawai aka wayi gari Daular Larabawa ta daina ba ƴan Najeriya biza, shikenan kowa ya yi cirko-cirko da takarda a hannu.

Abin da ya burge ni da su, mai ofishin bai yi mana ƙumbiya-ƙumbiya ba. Ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mana ƙa'idar tikitin da yatsa, ya ce Alhaji ku gane, jirginku fa bai fasa tashi ba, ku ne ba ku da izinin shiga, kuma a wajen kamfanin jirgi biza matsalar fasinja ce ba tasu ba. Da a ce su suka soke tashi, kamar yadda Emirates ta dakatar da zuwa Najeriya a lokacin saboda kuɗaɗenta da suka maƙale, to dole su maido da kuɗi cif. Namu kuwa na wani kamfani ne, mai araha, irin wanda in ka fasa sai an yanke maka tara. Gsky ranar raina ya ɓaci amma gaskiya ya faɗa.

Kuma shi ya matsa a soke kujerun tun kafin ranar tafiya, ya ce in jirgi ya tashi sunanku na ciki za a rubuta ku a waɗanda ba su zo ba, wata tarar ce daban a kan ta farko. Harajin filin jirgi ma da ba mu yi amfani da shi ba ya ce haƙƙinmu ne, ya sa shi cikin lissafi. Nan kam sun ci yabo.

Inda suka ɓata rawarsu da tsalle shi ne wajen biya. Tunda ta hannunsu aka sayi tikitin, kamfanin jirgi ba zai kula ka ba, cewa za su yi koma wajen ejan ɗinka, kuɗin asusunsa yake faɗawa sannan shi ya turo maka. To daga nan aka shiga gobe jibi, in ka kira yaron ofis ya ce oga ya fita sallah, a WhatsApp kuma ka ga an karanta ba amsa, watanni muna wannan sintiri. Suka yi ta lallaɓa mu mu karɓi bauca, wato takardar da za ka sayi wani tikitin da ita maimakon kuɗi a hannu, wai a ajiye mana har a buɗe biza, yayana ya ce wlh a'a, wa ya san ranar buɗewa? Ai kuwa sai 15 ga Yulin 2024 aka dawo da bizar, baucar kuma shekara ɗaya suka ce tana yi. Sai da na ce zan kai ƙorafi sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, sannan alat ya shigo, an cire tara an cire cajin ofis, na biza kuwa ko kwabo bai dawo ba.

Kuma naira suka biya daidai lissafin ranar da aka saya, alhali dala ta riga ta yi gaba, kuɗin da ya dawo ba zai sake sayen wannan kujerar ba.

Zan iya komawa wajensu don sun san aiki, amma sai biza ta fito zan yanki tikiti, kuma sai an rubuta min a rasit nawa za a cire in an fasa da ranar da za a biya.