Wright R-1820 da Pratt & Whitney R-1830: injina biyu a jikin DC-3

Malam, ka ce ka ga jirgin sama DC-3 guda biyu, ɗaya da injin Wright, ɗaya da Pratt & Whitney, kana tambaya ko suna ne kawai ya bambanta tunda lambobin sun kusa zama ɗaya. Lambar ai jimillar girman cikin silindodin injin take nunawa a ma'aunin inci kiyubik, kuma duka biyun kusan lita 30 ne, suna ba da ƙarfin doki 1,200 a samfurin da aka fi sa wa wannan jirgi. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Wright R-1820, wanda ake kira Cyclone, silinda tara gare shi a jeri ɗaya, zagaye da karanshaf kamar ƙarafan ƙafar keke. Silindodin manya ne: faɗin kowace milimita 155.6, fistin kuma yana tafiyar milimita 174.6. R-1830, wato Twin Wasp, silinda 14 ne a jeri biyu, bakwai gaba bakwai baya, faɗi da tafiya duk milimita 139.7. Shi ya sa Wright ya fi faɗin fuska, wajen inci 55, ɗan'uwan nasa kuwa inci 48, amma ya fi tsawo da nauyi.

Ga bakanike wannan lissafi yana da ma'ana. Kowace silinda filogi biyu take ɗauka, saboda maganeto, wato na'urar da ke ba filogi wuta, biyu ne: Wright filogi 18, Pratt 28, bawul 18 da 28. A Wright iska tana dukan kowace silinda kai tsaye. A Pratt kuwa jerin baya yana bayan na gaba, sai faifan ƙarfen da ke karkata iska sun zauna daidai, in ɗaya ya tsage ko ya kwance, kan silindar baya ya yi zafi. Sai dai bugu tara manya a zagaye biyu na karanshaf ya fi jijjiga fiye da ƙanana 14. Wright yana girgiza, kuma girgizar tana kwance kusoshi tana tsaga bututun hayaƙi. A nan dai Pratt ya fi ladabi.

Akwai cutar da ba ta bar kowanne ba. In inji ya kwana, baƙin mai yana tsiyaya ya taru a silindodin ƙasa, a Wright ta 5 da ta 6. Mai ba ya matsuwa. In aka tayar haka, fistin ya daki mai, kwanrod, wato sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, ya lanƙwashe, wani lokaci ba a gane ba sai ya karye a sama. Don haka kafin tayarwa, maganeto a kashe, ana juya farfela ta hanyar da take juyawa har karanshaf ya yi zagaye biyu aƙalla. In ta cije, a tsaya, a cire filogin ƙasa, mai ya zube. Kada a juya ta baya. Man zai koma bututun shigar iska ne ya laɓe, ya dawo da zarar inji ya kama.

Ta fannin tarihi, DC-3 na farko da ya tashi ranar 17 ga Disamba 1935 da Cyclone ya tashi. Amma sojan Amurka sun zaɓi Twin Wasp a C-47, wato DC-3 na soja, irin waɗanda suka riƙa sauka Kano da Maiduguri a Yaƙin Duniya na Biyu a hanyarsu ta zuwa Khartoum. Twin Wasp ne kuma a jiragen yaƙi B-24 da Catalina, har aka ƙera injin fiye da guda 173,000. Cyclone ya ɗauki jirgin yaƙi B-17, daga baya jirgin T-28 da helikwafta H-34. Tarayyar Sobiyet ta sayi lasisinsa ta yi injin M-25, wanda ya haifi injin ASh-62 da ke gaban jirgin An-2 har yau.

Saboda yawan C-47 da aka sayar bayan yaƙi, akasarin DC-3 da suka rage da Pratt suke tashi, kayan gyaransa da masu hannu a kansa sun fi samuwa. In ka sake ganin jirgin, leƙa ta bayan farfela ka ƙirga silindodin gaba: tara Wright ne, bakwai da wasu a bayansu Pratt ne.